Hayaƙin Azahar

Ranar wata Talata cikin watan Janairu, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, mu uku ne a ɗan ofishin wani injin shinkafa a arewacin Indiya, tafiyar awa huɗu a mota daga Delhi. Da ni, da Alhaji Sabo, wani ɗan ƙasarmu dillalin injuna da ya daɗe a can, sai magatakardan wurin, siririn mutum mai tabarau, ya naɗe wuya da mayafin ulu. Su biyun suka yi kamar minti goma suna magana da harshen da ba na ji. Da suka gama, magatakardan ya dubi takalmina, ya dubi tafin hannuna, ya yi ɗan murmushi.

Na ce, "Alhaji, me yake cewa?"

"Lale marhabin yake yi maka. Injiniyan ne ya tafi biki, gobe zai dawo ku fara. Malam Adamu, ka cika tambaya kamar har yanzu kana gidan rediyo. Kwantar da hankalinka, a hannun ɗan'uwa kake."

Ya ce bari ya leƙa kasuwa ya sayo mini bargo, don sanyin nan ba irin namu ba ne. Ya shiga motar da ta kawo mu. Ban sake ganinsa ba har yau.

Ga abin da ya kai ni. Yayana, Alhaji Maina, yana da injin gumi da casa a gefen Gashua. Lokacin da ya kafa shi wurin fili ne, sai ƙaya da awaki. Daga baya gari ya bi shi ya same shi: gidaje ta yamma da kudu, masallacin unguwa kuma a jikin katangarsa ta gabas. Da tururi ake turara shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba. Tururin yana fitowa ne daga wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da ma'aikata ke kira boila, makamashinta kuma buntu, wato ɓawon shinkafar kanta. Buntu ba a saye, amma hayaƙinsa baƙi ne, yana tafe da toka mai sauka a kan komai. Mata suka daina shanya a tsakar gida. Tsofaffi masu ciwon ƙirji suka riƙa kuka. Mai unguwa ya zo sau biyu, ya ce abin ya fi muni da azahar da la'asar, mutum ya shiga sahu da farar riga ya fito da ɗige-ɗige. Mu kuwa muka ce ai lokacin ne jama'a ke taruwa, shi ya sa suke lura. A zuwa na uku ya taho da jami'in lafiya, da takarda: kafin shinkafar rani ta shigo, ko hayaƙi ya ragu, ko a sa wa ƙofa kwaɗo. Bayan wannan ƙofar akwai abincin masu dako, da matan da ke shanya da tsinta, da manoman Katuzu da Jakusko da suka saba kawo mana shanshera.

A nan Alhaji Sabo ya shigo. Ya turo wa Yaya hoton bidiyo a waya: dogon bututun hayaƙi, inji na aiki, sama tas. Ya ce wata na'ura ce da ke wanke hayaƙi da tururi, kuma akwai kwas na mako uku a kamfanin da ke ƙera ta, a turo mutum ɗaya ya koyo, ya dawo da ita. Yaya ya biya. Wanda ya kamata ya je shi ne Baba Kyari, shugaban masu wuta tun ranar da aka fara hura ta, amma ba shi da fasfo, ba ya jin Turanci. Ni kuwa na yi shekaru ina fassara da karanta labarai kafin in ajiye aiki in koma gida Nguru. Yaya ya ce, "Kai ne mai Turanci, kai za ka." Babu wanda ya tambaya ko na taɓa riƙe shebur. Ni ma ban tambayi kaina ba.

Kwana huɗu na yi a Delhi a wani ɗakin haya marar taga, Alhaji Sabo na zuwa kullum bayan la'asar da sabon uzuri da ledar ayaba. A rana ta biyar ya kawo ni wannan ofishin.

Da safiyar Laraba magatakardan ya kira ni. Turancinsa na da sauri, amma abin da ya faɗa ba shi da wuyar fahimta. Babu injiniya, babu kwas. Su ba sa ƙera komai, shinkafa suke sarrafawa. Abin da Alhaji Sabo ya gaya wa mai injin shi ne ya kawo wani ɗan Afirka mai son koyon aikin wuta, zai yi aiki ba lada, a ba shi wurin kwana da abinci. Na kira lambarsa sau bakwai, a kashe. Tikitin komawata sai bayan mako shida, irin wanda ba a sauya masa rana.

Na fita bayan rumfar buntu na kira Yaya. Na gaya masa komai a jere: abin da ya faru, a ina, wa ya yi.

"Innalillahi. Kai lafiyarka ƙalau?"

"Ƙalau, Yaya."

"Suna da boila?"

"Suna da ita, ta fi tamu."

"Da me suke hura ta?"

"Buntu."

"Ɗaga kai ka dubi bututunsu."

Na ɗaga. Inji na ta ruri, ana ta turara shanshera, amma abin da ke fita daga bakin bututun bai fi hucin bakin mutum da sanyin safiya ba.

"Babu hayaƙi, Yaya."

"To Sabo ya cuce mu, amma ba a komai ya yi ƙarya ba. Ka zauna ka gano mini dalili. In ba za ka iya ba ka faɗa mini yanzu, kada in riƙa yi wa mai unguwa alkawarin banza."

Na ce zan zauna.

Aka miƙa ni ga shugaban masu wutarsu, sunansa Mohan. Gajeren tsoho ne, wuta ta cinye masa gira. Shi ma baƙo ne a garin, daga wata jiha mai nisa ta gabas, sau ɗaya yake ganin iyalinsa a shekara. Ba ya jin Turanci, ba na jin nasa. Ya kama hannuna ya juya shi kamar mai taya kifi a kasuwa, ya girgiza kai, ya nuna mini kwando.

Mako na farko dakon buntu na yi daga rumfa zuwa bakin murhu. A rana ta biyu tafin hannuna ya yi bororo, a ta huɗu ya fashe. Buntu na da ƙaiƙayi, yana shiga wuya da ido da cikin kunne, wanka ba ya fitar da shi duka. Na haura shekara hamsin, rabona da ɗaukar kaya a ka tun ina ɗalibi. Mu shida ke kwana a ɗaki ɗaya a kan gadajen igiya. Da suka ga ba ni da abin rufa, ɗaya daga cikinsu ya ɗinke buhuna biyu ya jefo mini, bai ko tsaya na yi godiya ba. Sanyin can jiƙaƙƙe ne, yana shiga ƙashi, rana ba ta leƙowa sai wajen sha ɗaya.

Abinci gurasa ce da romon wani ƙanƙanin wake, safe, rana, yamma. Ba shi da laifi, amma a mako na biyu na fara jin ƙamshin miyar kuka da bandar kifi a inda babu su. Na gaya wa mai ɗakina, Falmata, a waya.

Ta ce, "Wushe, sannu da karatu. Kai ne fa mai cewa burabuskona ya cika tauri. Allah ya ƙara." Ta yi dariya, sannan ta ce, "Muryarka ta dushe. Wane irin karatu ne wannan mai dusar da murya?"

Na ce sanyi ne. Ban gaya mata dako nake yi ba.

Ranar hutu na shiga kasuwa sau ɗaya. Mutane suka tsaya suna kallona. Wani ya matso ya ɗauki hotona ba sallama, wani ya shafa bayan hannuna ya duba yatsunsa. Ban sake zuwa ba. Na tambayi masallaci, aka ce akwai a wani ƙauye, tafiyar awa ɗaya a keke. Sai na shimfiɗa buhu bayan rumfar buntu, na nemi alƙibla da waya, nan ya zama wurin sallata.

Duk wannan lokacin idona na neman na'urar. Na zaga boilar gaba da baya, na leƙa gindin bututu, ina tsammanin ganin akwati mai fitilu da wayoyi. Da na gaji na tambayi magatakardan. Ya kai ni bakin murhu ya nuna saman ƙofar. Wasu 'yan bututu huɗu ne, kowanne bai fi kaurin yatsa ba, bakinsu a tsuke, sun sunkuya suna kallon cikin wuta. Kowanne na zaune a tsakiyar wata kafa da aka huda a bango. Siririn bututu ɗaya ya haɗa su da boila, da famfo mai zagayayyen kan ƙarfe.

"Ita ce wannan?"

"Ita ce."

"A ina take wanke hayaƙin?"

Ya fassara wa Mohan. Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya tsinci gashin tattabara a ƙasa, ya riƙe shi a bakin kafar, ya murɗa famfon. Tururi ya fita da huci mai tsini, gashin ya kuɓuce daga yatsunsa ya shige wuta. Ya sake da ɗan ƙyalle, shi ma ya shige. Sannan ya zuba buntu shebur uku, ya rufe ƙofa, ya ja ni zuwa wata 'yar kafa ta leƙe. Na ga baƙin hayaƙi na tashi daga sabon buntun yana birgima zuwa baya. Ya murɗa famfon. Nan take hayaƙin ya hautsine, ya kama da wuta a sama, ya koma harshe ja, sannan fari-fari.

Tururin ba ya wanke komai. Iska yake fizgowa daga waje, ya watsa ta da ƙarfi a saman wutar, ya gauraya ta da hayaƙin. Hayaƙi kuwa makamashi ne da bai samu iskar da zai ƙone ba. Na rubuta wannan a littafina, na ja layi biyu a ƙarƙashi, na ɗauka na gama abin da ya kawo ni.

A ƙarshen mako na biyu ya ba ni shebur. Tsarinsa ba ya sauyawa: ɗaya hagu, ɗaya dama, ɗaya can ciki, a watsa shi siriri kamar mai shanya gero, kada a tara. A rufe ƙofa, a buɗe tururi, a jira, a rufe. Shi da wata waƙa yake auna jiran, yana yin ta a maƙoshi. Na duba agogo na ga kusan minti biyu ne, sai na mayar da shi tasbihi a gaɓoɓin yatsu. Idan ka bar famfon a buɗe, allurar agogon tururi ta faɗi, masu turara shanshera su fara ihu. Bayan 'yan mintoci a sake zubi. Haka daga safe har yamma. Duk lokacin da na tara buntu wuri ɗaya, sai ya ƙwanƙwasa ƙotar shebur ɗina da sandarsa, ya faɗi wata kalma ɗaya da ban taɓa neman fassararta ba.

Ranar Alhamis ta mako na uku, wajen ƙarfe ɗaya da rabi, Mohan ya bar mini wutar ni kaɗai karo na farko, ya tafi cin abinci. Na ji daɗi. Na yi zubi huɗu yadda ya koya mini. Sai na duba agogo na ga azahar ta yi.

Abin da na yi, ban yi tunani a kansa ba. Na sha ganin Baba Kyari da mutanensa suna yi idan ladan ya kira: a cika murhu da buntu har baki don ya riƙe wuta, a rufe, a tafi alwala. Na zuba shebur wajen ashirin, na rufe ƙofa, na buɗe tururi har ƙarshe, na ce ai shi zai ji da hayaƙin. Na tafi bayan rumfa.

Ina raka'a ta biyu na ji ihu. A ta uku baƙar toka ta fara sauka a kan buhun da nake salla, daidai inda zan sa goshi. Na idar, na ɗaga kai. Bututun na aman hayaƙi baƙi ƙirin, mai kauri, ya kwanta a kan gonakin alkamar maƙwabta. Na san wannan hayaƙin. Namu ne na Gashua, ba ragi.

Na ruga na kama ƙofar murhun na fizge. Kuskure na biyu ke nan. Tulin buntun ya danne wutar, ya cika murhun da hayaƙi mai zafi wanda iska kawai yake jira. Ina buɗewa wuta ta yi tsalle waje. Wani ya fizge ni ta wuyan riga, muka faɗi tare. Mohan ne, da sauran miya a hannunsa. Gemuna ya babbake, hannuna na dama ya saluɓe daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Bai dube ni ba sai da ya rufe tururin, ya ɗauki dogon ƙarfe ya baje tulin kaɗan-kaɗan, wuta ta daidaita. Sannan ya ja ni bakin famfon ruwa ya sa hannuna ƙarƙashin ruwa, ina ja yana dannewa.

Mai injin ya iso a mota. A can ma akwai hukuma mai duba hayaƙi, kuma maƙwabta na da waya. Ya yi faɗa, magatakardan ya juyo ya ce mini in haɗa kayana kafin yamma. Ban san inda zan nufa ba, ga sauran mako uku, ga hannu a ƙone. Sai Mohan ya tako ya tsaya gaban mai injin, ya kwance tawul ɗin da ya ɗaure kai da shi, ya yi magana a hankali, ba tsayi. Mai injin ya yi tsaki, ya shiga mota.

Daga baya na tambayi magatakardan. Ya ce, "Cewa ya yi laifinsa ne. Mako uku yana ganin kana tafiya bayan rumfa a daidai wannan lokacin, bai kamata ya bar maka wuta a lokacin ibadarka ba. Ya ce in za a kori wani, a fara da shi."

Mohan ya ɗora ni a bayan kekensa ya kai ni wani ƙaramin asibiti aka naɗe hannun. Da muka dawo ya sa magatakardan ya tambaye ni, a garinku masu wutar su nawa ne? Na ce huɗu. Su nawa ke tafiya ibada idan lokaci ya yi? Na ce duka. Lokaci ɗaya? Na ce lokaci ɗaya, sahu ɗaya. Sannan ya ɗaga yatsu huɗu, ya lanƙwashe biyu, ya nuna murhu da biyun da suka rage.

A nan na gane maganar mai unguwa. Ba taruwar jama'a ce ta sa hayaƙin azahar ya fi muni ba. Mu ne muke haɗa musu shi da hannunmu, mu rufe, mu je mu tsaya kusa da su a sahu. Kuma ko an ɗaura bututu arba'in a saman ƙofa, ba za su ƙone tulin da aka zuba lokaci ɗaya ba.

Kwana goma ban riƙe shebur ba. Na yi su ina auna komai da zare da ma'auni, da hannun hagu: tsawon 'yan bututun, faɗin kafofin, yadda suka sunkuya, tazararsu daga saman wuta. Da na koma aiki, kullum rana ta karkata sai Mohan ya taɓa kafaɗata, ya karɓi shebur, ya nuna bayan rumfa da haɓa. Abincinsa na hucewa a kwano har in dawo. Bai fasa ba ko sau ɗaya. Juma'ar ƙarshe ya jingine mini kekensa a ƙofar ɗaki, ya zana mini hanyar ƙauyen a ƙasa da sanda. Na isa ana huɗuba da harshen da ba na ji. Da aka tayar da salla wani manomi ya matsa ya haɗa kafaɗarsa da tawa. Mako shida rabona da sahu. Sai da na daɗe a zaune bayan sallama kafin in iya tashi.

Ranar da zan tafi Mohan ya ba ni wani tsohon kan bututu da aka cire, a ƙunshe a tsumma. Na cire hulata na ba shi. Ya sa ta a karkace, abokan aikin suka yi ta dariya, shi bai yi ba. Ba mu da kalmar bankwana da muka haɗa, sai muka riƙe hannu.

A Delhi na biya ta ɗakin hayar nan. Mai gadi ya gane ni. Ya ce Alhaji Sabo ya sauke wasu baƙi biyu bayan tafiyata, su ma ya ɗauke su a mota, bai san ina ba.

Na sauka Kano, na wuce Nguru. Falmata ta ga hannun da gemun, ta tafi ta ɗora tukunya. Washegari na kai zanen awon da na yi da kan bututun wurin Malam Garba mai walda, a unguwar tashar jirgi. Ya juya shi a tafin hannu.

"Daga ina?"

"Indiya."

"Indiya! Malam Adamu, da nan ka zo ka sha shayi da ka huta. Mahaifina a bakin wutar jirgin kwal ya tsufa. Ya sha gaya mana yadda suke hura wa wuta tururi in za su shiga tasha, don kada su turnuƙe fasinja."

"Ya gaya muku awon?"

"A'a, wannan kam bai gaya mana ba."

"To ga shi."

Cikin kwana biyar ya ƙera guda huɗu. Muka kai Gashua, aka kashe wuta kwana biyu, aka huda bango, makanikin boila ya haɗa bututun ya gwada. Ranar da aka hura, da hantsi, na tsaya da kaina na yi zubi uku-uku, bakin bututu ya yi fes. Ma'aikata suka fito suna kallon sama. Yaya ya rungume ni. Na ce masa ya dakata, da sauran rabin aikin.

Na sami Baba Kyari a inuwar rumfa. Ya girmi Yaya ma. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani: daga yau in an kira salla, biyu su tafi, biyu su tsaya a bakin wuta, in na farko sun dawo su yi tasu.

Ya ce, "Ƙanin Alhaji, maimaita."

Na maimaita.

"Tun da aka gina masallacin nan ban taɓa rasa sahun farko ba. Da zazzaɓi na je, ranar da aka yi mini haihuwa na je. Yanzu ka tafi wata ɗaya da rabi, ka dawo da rabin gemu, ka ce in tsaya gadin buntu liman na kabbara?"

"Baba, kai ka riƙa tafiya da na farko. Sauran su riƙa karɓa-karɓa."

"In tafi in bar na ƙarƙashina? Su ba su da lahira? Wanda ya koya maka wannan, yana salla?"

"Ba ya yi. Amma shi ya riƙa riƙe mini wuta in yi tawa."

Ya ce, "To Allah ya saka masa. Ni dai bakina ba zai ce wa mutum kada ya amsa kira ba."

Muka je wurin liman, ni da shi da Yaya. Liman ya saurara har ƙarshe. Ya ce mutum biyu ma jam'i ne, kuma ɗauke wa maƙwabci cuta ba ƙaramin aiki ba ne, shi kansa tun damina yake tari. Baba Kyari ya ce, "Na ji, Allah gafarta Malam," ya tashi. Jin ladabi ne kawai.

Yaya ya ɗauko Istifanus daga wajen lodi, wani mutumin Filato da ya daɗe da mu, na koya masa zubi da famfo. Ya kama cikin mako ɗaya, ya ma fi ni hannu. Shi da mutum ɗaya ke tsayawa da azahar da la'asar. Ranar Juma'a a rage aiki ya riƙe shi kaɗai, ranar Lahadi su riƙe masa. Baba Kyari na zuwa aiki, yana zubi uku-uku yadda aka ce, amma bai taɓa sa hannu a famfon ba, kuma tsakanina da shi sai gaisuwa.

Jami'in lafiya ya zo ba sanarwa wata Litinin, ana saura kwanaki kaɗan shinkafar rani ta fara shigowa. Bai shiga injin ba. Ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar masallaci, ya shimfiɗa farin hankici a kan sirdin, ya danne da dutse, ya shiga sahu. Ranar ni ne na tsaya tare da Istifanus. Ina jin kabbarar liman ta bayan katanga, ina ƙirga jiran famfo a yatsu. Mai unguwa ne ya ba mu labarin sauran: da aka sallame jami'in ya ɗaga hankicin, ya duba gaba da baya, ya nuna masa, ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce zai dawo da la'asar. Ya dawo, ya sake shimfiɗawa.

Ba a sa kwaɗon ba. Shinkafar rani ta shigo, aka turara ta har ƙarshe. Baba Kyari ya cika watan, ya jingine shebur ɗinsa a bakin murhu, ya koma gonarsa a Katuzu. Yaya ya aika masa sau biyu, bai dawo ba.